Babi na 6: Giya da ciwon fankiriyas

Darasi na 1: Ina take a jiki?

Sannunku da ƙoƙari, iyayena da yayyena. Kalmar yau baƙuwa ce, kada ta ba ku tsoro. Mu karanta ta gaɓa-gaɓa: fan-ki-ri-yas. A sake. Yanzu kowa ya rubuta ta sau 3 a littafinsa. Wanda bai samu ba ya goge ya sake, ba gaggawa muke yi ba.

Fankiriyas wata tsoka ce mai laushi a cikin mutum. Ba saifa ba ce, ba kuma madaciya ba, ko da yake mutane da yawa suna haɗa su. Ku ɗora tafin hannu tsakanin cibiya da ƙarshen ƙirji. Nan tumbi yake, ita kuma tana kwance a bayansa, kusa da ƙashin baya. Tsawonta kamar santimita 15, kusan tsawon biron da ke hannunku. Aikinta biyu ne. Tana fitar da ruwan da ke narkar da abinci a hanji, musamman mai da nama. Tana kuma yin insulin, mai daidaita sukari a jini.

Darasi na 2: Abin da giya ke yi mata

Ruwan nan mai narkar da abinci yana da kaifi, kuma Allah ya tsara sai ya isa hanji zai fara aiki. Idan mutum ya daɗe yana shan giya da yawa, sai ruwan ya yi kauri, 'yan hanyoyinsa su toshe, ya fara aiki tun bai fita ba, ya shiga cin naman fankiriyas ɗin kanta. Kun taɓa buɗe tocila kun tarar batir ya tsiyaye ya cinye ƙarfen ciki? To, haka abin yake. Giyar kwalba, burukutu, ogogoro, da ta 'yar leda da ake sayarwa a tasha, duk ɓarnarsu ɗaya.

Ciwon yana kamawa a saman ciki, ya ratsa har baya. Yana ƙaruwa bayan cin abinci. Akwai amai, wani lokaci da zazzaɓi. Za ku ga mutum ya zauna ya duƙa gaba, don kwanciya rigingine ta gagare shi. Kada a ce olsa ce a jiƙa masa kanwa, kada a tsaya a kemis. Asibiti za a kai shi a ranar, domin ciwon nan yana kisa.

Ga inda aka fi yin kuskure, ku natsu. Idan likita ya tambaya ko yana sha, a faɗi gaskiya. Ku rubuta: A faɗa wa likita gaskiya. Na san da kunya, na san abu ne da addini ya hana, iyali ba sa so a ji. Amma likita ba alƙali ba ne. Tsakuwar madaciya ma tana kawo irin wannan ciwo, shi ya sa yake so ya bambance. Amsarku ce za ta taimaka masa wajen gwajin jini da hoton ciki.

Wata ɗalibata ta ajin yamma ta kai ƙaninta asibiti, yana riƙe da ciki, gumi ya jiƙe masa riga sharkaf. Sau biyu aka tambaye ta, ta ce ko ƙamshin giya bai taɓa ji ba. Sai da jikin ya yi tsanani ta ja ma'aikaciyar jinya gefe ta faɗa mata cikin kuka. Na ji zafin wannan labari ƙwarai. Haba jama'a! Duk shekara ina faɗa, duk shekara sai wani ya ɓoye. Rufin asirin da zai kai ɗan'uwanka kabari, ina amfaninsa? Ku sake rubutawa: A faɗa wa likita gaskiya. A faɗi irin da yake sha, da yawanta, da shekarun da ya yi yana sha. Kowa ya karanta wa na kusa da shi da ƙarfi.

Darasi na 3: Idan ciwon ya daɗe

Fankiriyas tana yin tabo, tabon kuma ba ya gogewa. Mutum ya rame, bayan gidansa ya yi maiƙo da wari, ciwon sukari ya biyo baya. Dole a bar giya gaba ɗaya, a bar sigari, a rage abinci mai maiƙo. Wanda ya saba sha kullum kada ya yanke lokaci guda ba da sanin likita ba, don jiki zai iya kama rawa har da jijjiga. Nan ma gaskiyar ce za a faɗa.

Darasi na 4: Aiki

Ku cike gurbi: Fankiriyas tana kwance a bayan ______. A faɗa wa likita ______. Ku kawo littattafanku ranar Laraba in duba.