Kurakuran da ke ɓata ulu tun kafin ya kai ga mazari

Yawancin zaren ulun da ke tsinkewa ko yin kaushi, ba a wurin kaɗi ya lalace ba. Tun ranar da aka sausaye tunkiya aka tura gashin cikin buhu ba tare da an ware shi ba ne matsalar ta fara.

A shimfiɗa gashin gaba ɗaya a kan raga, gefen da aka yanke yana ƙasa. A zagaye shi ana cire na ciki, na ƙafafu da na gindin wutsiya, inda kashi da fitsari suka daskare. Mutane kan ji ƙyashin zubar da wannan, alhali shi ke ɓata ruwan wanki. Na kafaɗa da haƙarƙari ya fi laushi, na cinya ya fi kauri, don haka kowanne da tulinsa. A kakkaɓe guntayen da almakashi ya maimaita yanka, domin su ne ke zama ƙulli-ƙulli a zare. Hakukuwa da ƙaya kuwa, wanki ba ya fitar da su. Da hannu ake tsince su, kuma a sa safar hannu.

Akwai gwajin da ake yawan tsallakewa. A ciro tuƙƙu ɗaya, a riƙe bakinsa biyu, a fizga kusa da kunne. Mai ƙwari zai yi ƙara kamar tsirkiya. Idan ya yi ƙas-ƙas ya rabu a tsakiya, dabbar ta sha ciwo ko yunwa a lokacin da gashin ke tsirowa, kuma babu wankin da zai gyara shi.

Wanki shi ne inda aka fi yin asara. Maiƙon ulu yana narkewa ne a wajen digiri 40 a ma'aunin Celsius, saboda haka ruwa mai ɗumi-ɗumi ba ya wadatarwa. Ana son kamar digiri 60. A fara cika mazubi, a narkar da sabulu, sannan a nutsar da ulun a hankali cikin jakar raga. Kada a zuba ruwa a kansa, kada a cuɗa, kada a murɗe. Kowane sili yana da ƙananan ɓawo a jikinsa, kuma zafi da sabulu da motsi suna sa su sarƙe da juna, ulun ya dunƙule har abada. A tsame shi bayan minti 15 zuwa 20. Wanda ya bari ruwan ya huce, maiƙon zai koma ya manne, ya fi na farko wuyar fita. Ruwan ɗauraya ma ya yi zafi daidai da na wanki. Bilic da garin wanki mai sinadarin cinye tabo suna cin silin kansa.

Nauyi zai ragu sosai. Mai maiƙo irin na tumakin merino kan rasa kusan rabi. A yi lissafin zare da wankakke.

A shanya a inuwa, a kan raga, iska na ratsawa sama da ƙasa. In aka ɗaure shi a leda da sauran danshi, fumfuna ce. Buhun yadi ya fi, kuma a riƙa dubawa saboda asu. Wajen shiɓa, a ɗora kaɗan-kaɗan a kan mataji ɗaya, a shafa sama-sama da na biyu. Cusa haƙoran cikin juna yana kakkarya sili.