Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen bijimi don sauƙin haihuwa

Kowace shekara sai na ga mai ƙaramin garken shanun nama ya sayi bijimi saboda faɗin ƙirji da kaurin wuya, sannan idan cikin shanun da ya yi wa barbara ya cika kwanakinsa, wato kusan 283, ya shiga neman likitan dabbobi da tsakar dare. Babban abin da ke hana karsana haihuwa da kanta shi ne maraƙi ya fi ƙarfin ƙugunta, kuma rabin gadon maraƙin daga uba yake. Duk wanda ya taɓa ɗaura igiya a ƙafafun maraƙi yana ja, kai ya fito da harshe a kumbure amma kafaɗu sun maƙale, ba zai sake zaɓen bijimi da ido kaɗai ba. Ni a irin wannan daren na rasa karsana da ɗanta. Shi ya sa ba na ɗora wa karsana mai cikin fari bijimin Charolais, wato irin manyan shanun nama na Faransa, balle Belgian Blue, irin na Beljiyam, da yawancin haihuwarsa sai da tiyata. Haka kuma bijimin Brahman, wani irin shanu masu tozo, a kan shanun Turai yana ba da manyan maruƙa, musamman maza.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi, domin masu yin sa gani suke dabara ce. Sai mutum ya rage wa saniya abinci a watannin ƙarshe na ciki, wai don maraƙin ya zo ƙarami. Abin da yake samu shi ne uwar da ba ta da ƙarfin naƙuda, da dakashi kaɗan, da maraƙin da ya kasa miƙewa ya kama nono. Kuskuren da aka tafka ranar sayen bijimi, yunwa ba ta gyara shi.

Akwai masu tambayar nauyin bijimin ranar da aka haife shi, su tsaya a nan, alhali shekarun uwarsa da abincinta suna da hannu a wannan nauyi. Idan yana da rajista, ni alkaluman EPD nake dubawa, wato hasashen halayen da 'ya'yansa za su gada daga gare shi, musamman na sauƙin haihuwa ga karsana, tare da lambar da ke nuna ingancin hasashen, saboda na ƙaramin bijimin da bai haifi 'ya'ya ba yakan sauya daga baya. Idan ba shi da takarda, sai na nemi ganin 'ya'yansa, na tambayi nawa aka ja.

Kada a yi wa karsana barbara kafin ta kai kusan kashi 60 zuwa 65 cikin 100 na nauyin babbar saniya. Kada a sayi bijimin da likita bai gwada maniyyinsa ba. Wanda kuma yake ajiye 'ya'ya mata don ƙara garke, ya duba yadda 'ya'yan bijimin mata suke haihuwa, domin bin ƙanƙantar maraƙi shekara da shekaru yana iya bar masa shanu masu matsattsen ƙugu.