Kurakuran da tela ke yi idan ɗinkin Sallah ya sha kansa

Duk wanda ya leƙa shagon tela a goman ƙarshe na watan azumi ya ga yadda aiki ke danne mutum. Shadda da yadi da atamfa jibge a kusurwa, waya na ta ƙara, mai kaya na tsaye bakin ƙofa yana jiran ɗinkin da ko yankawa ba a yi ba. Sai a ce laifin NEPA ne. Wuta na da nata laifin, amma yawancin wahalar tun farkon wata aka shuka ta.

Babban kuskure shi ne karɓar kaya ba lissafi. Azumi kwana 29 ne ko 30, ba ya ƙaruwa don tela ya shiga matsi. In kana gama kaftani 3 a yini, kuma kwana 25 za ka yi aiki, to 75 ne iyakarka. Daga ciki rage kamar 10 saboda ranar da wuta za ta ƙi zuwa, ko keke ya lalace, ko zazzaɓi ya kwantar da yaron shago. Da lissafi ya cika, rufe karɓa.

A nan kunya ke kayar da mu. Maƙwabci ya kawo, suruki ya aiko, abokin mahaifinka ya taso daga Kantin Kwari da leda a hannu ya ce, "Ɗana, kala ɗaya ce tak," sai ka ji nauyin cewa a'a. Amma wanda ka gaya wa gaskiya ranar 10 ga wata yana da sauran lokacin neman wani tela. Wanda ka riƙa ce wa "in sha Allahu gobe" har daren jajibere, ka hana shi ɗinki, ka kuma hana shi mafita. Abin ya fi ciwo in kayan yara ne. Akwai amsar da ba ta zubar da girman kowa: "Baba, na cika. In za ka yi haƙuri zuwa bayan Sallah, ni da kaina zan kawo maka gida." Kada kuma ka karɓi kafin alƙalami a kan aikin da ba ka ga ranar yin sa ba, domin da kuɗi sun shiga aljihu alƙawari ya hau wuyanka.

Sai kuskuren riƙe komai a ka. Kan mai azumi da ƙarancin barci ba ma'ajiya ba ne. Sayi littafi: suna, awo, irin ɗinki, abin da aka biya, ranar karɓa. Maƙala wa kowane kaya takardarsa.

Wani kuskuren shi ne bin mai ƙarar murya. Wanda ya fi kira a waya sai a ajiye na hannu a ɗauko nasa, da yamma a tarar an taɓa riga 6, ba wadda ta kai guga. Ba a tauna taura biyu. Bi littafi, ka haɗa aiki iri ɗaya wuri guda. Yi yanka da safe, lokacin da ido ke garau. Duk rigar da ke buƙatar aikin wuya ko surfani, tura ta tun makon farko, don masu yin sa su ma layi gare su. Zare, maɓalli da man janareto kuma a tanade su kafin kasuwa ta cushe.

Kwana a kan keke daga Tarawihi har sahur kullum ba ƙwazo ba ne. Hannun da ya gaji shi ke ɓata yankan shaddar Getzner, ka biya kuɗin shadda, ka sake aikin daga farko.

In kuwa ruwa ya riga ya kai maka wuya, kashe keken na rabin awa. Raba kayan kashi uku: wanda tabbas zai fita, wanda za ka miƙa wa telan da ka yarda da hannunsa bayan ka nemi izinin mai shi, da wanda ba zai yiwu ba. Masu kashi na ukun kira su yau, da bakinka, ka mayar musu da kayansu da kuɗinsu.