Ayaba ko agade? Ku duba uwar kafin ku biya

Jama'a masu lambu, kar ku sayi 'ya'yan ayaba don dashe sai kun ga uwar da nono a jikinta. Suna ƙanana duk kamarsu ɗaya, sai an kusa shekara ana ban ruwa a ga agade ce ta fito.

Ku duba ƙasan nonon. Ayabar ci tana riƙe jan furen nan mai kamar zuciya yana reto, agaden da aka fi nomawa a kudu kuwa furen bushewa yake ya faɗi, 'ya'yanta manya ne masu kusurwa amma ba yawa.

Sai dai fa akwai agade mai riƙe furenta, wasu manoma kuma yanke shi suke. In haka ne ku duba kaurin ɓawo, na agade ya fi.