Layin wayarka ne makullin komai: kurakuran da matasa suka fi yi da yadda za a gyara su

Shekarar da ƙanena zai zana jarrabawar JAMB, ranar da ya tashi neman lambar rajista babu kati a layinsa. Abokinsa na zaune kusa da shi a bakin shagon caji, sai ya ce, "Kawo NIN ɗinka mu tura da nawa mana." Suka tura zuwa 55019, lamba ta fito, kowa ya kama gabansa. Kafin sakamako ya fito abokin nan ya tafi Legas neman kuɗi, aka sace masa waya a mota, shi kuma bai damu ya dawo da layin ba, ya sayi sabo. Ina tuna yaron nan zaune kan tabarma a tsakar gida, yana tura saƙon duba sakamako yana sake turawa, hannunsa na rawa. Hukumar ba ta san layinsa ba, wanda aka yi rajista da shi kaɗai ta sani. Mun yi zirga-zirgar da ba ta kamata ba kafin lamarin ya warware, kuma duk a kan kuɗin kati da bai kai na kwanon shinkafa ba.

Tun daga lokacin nake lura da yadda matasanmu suke riƙon layin waya kamar ledar ruwa, a sha a yar. Alhali yau wannan ɗan ƙaramin sim ɗin shi ke ɗaure da asusun bankinka, da BVN, da NIN, da WhatsApp, da imel, da rajistar makaranta, har da ta bautar ƙasa. Kuskure mafi girma shi ne yin rajistar abu mai muhimmanci da layin wani, ko na aboki ne, ko na yaya, ko na yaron kafe. Gyaransa kuwa ba wuya: ka ware layi guda ɗaya wanda aka yi wa rajista da NIN ɗinka, kai da kanka, ka mayar da shi layin harkokinka na dindindin. Wanda kake sauyawa saboda garaɓasar data daban, wannan kuma ba ya motsi. Idan kana shakkar sunan wa ke kan layin da kake riƙe da shi, tun da da yawanmu a hannun masu talla muka saya a shekarun baya, ka je ofishin kamfanin da NIN ɗinka su duba. Tun Disambar 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da NIN, kuma ranar da layin ya ɓace, wanda sunansa ke kai shi kaɗai za a yi wa walkam bak, wato a ba shi sabon sim mai lambarsa ta da.

Akwai kuma masu cire layin su jefa a aljihun jaka, su ce ai na ajiye shi. Layi ba ya ajiyuwa haka. In ya yi watanni shida ba kira, ba saƙo, ba data, kamfani na iya rufe shi, daga baya kuma a sayar wa wani. Sai ka iske wani bawan Allah a wani gari shi ke karɓar alat ɗin bankinka. Ka riƙa sa masa kati ko na naira ɗari ne lokaci-lokaci, ka yi kira da shi.

Imel ma haka yake. Matashi zai je kafe cike fom ɗin makaranta, mai kafe ya tambaye shi imel, ya ce ba shi da shi, nan take a buɗe masa ɗaya, a sa kalmar sirrin da shi kansa bai ji ba. Shekara huɗu bayan nan ya tashi rajistar NYSC ko neman aiki, a ce an tura masa saƙo ta imel ɗin, shi ko sunan bai tuna ba. Ka buɗe naka da hannunka a wayarka, da sunanka na gaskiya, ka sa layinka na dindindin a matsayin hanyar dawo da shi. In ka shiga imel ɗinka a kwamfutar kafe, kada ka tashi daga kujerar sai ka fita daga cikinsa. Sunan ma abin dubawa ne: wanda zai ɗauke ka aiki ya ga takardarka ta zo daga imel mai laƙabin da abokan ƙwallo suka sa maka, tun nan ya fara yi maka wani kallo.

Yanzu ga wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin na ga ya raba mutane da kuɗin makarantarsu. Kusan kowa yana kulle fuskar wayarsa da zane ko yatsa, amma a cikin goma da wuya ka samu ɗaya da ya kulle sim ɗinsa. Ɗan ƙwacen waya ba ruwansa da kullen fuskar. Yana zare sim ɗin ya sa a ƙaramar waya mai maɓalli, ya danna *565*0#, BVN ɗinka ya fito. Ya danna *346#, ga NIN. Daga nan sai ya bi lambobin bankuna ɗaya bayan ɗaya har ya gano naka, kuma duk lambar tabbatarwa da banki zai turo hannunsa take faɗawa. Wasu har bashi suke ci da sunanka a manhajojin ba da rance. Maganin wannan minti biyu ne. Ka shiga saitin waya, ɓangaren tsaro, ka nemi kullen sim, ka kunna shi. Zai nemi lambar da kamfani ya sa tun asali, ka tambaye su ta 300 in ba ka san ta ba, sannan ka sauya ta da taka. Daga ranar, duk wayar da aka sa sim ɗin a ciki sai ta nemi wannan lamba. Amma kada ka yi ta cinke: kuskure uku yana rufe layin sai da lambar PUK mai lamba takwas, wadda ke jikin katin da aka ɓallo sim ɗin daga ciki, kuskure goma a PUK kuma ya kashe sim ɗin gaba ɗaya. Don haka wannan ɗan katin da muke yarwa a bakin shago, ajiye shi ake yi.

In ƙaddara ta faɗa aka ƙwace wayar, mafi yawan mutane kiran lambar suke ta yi suna roƙo, ko su hau Facebook da wayar wani suna cigiya. Lokacin nan ɓarawo yana aiki. Banki za ka fara rufewa, sannan layi, sauran su biyo baya. Bankuna suna da lambar rufe asusu da za ka iya dannawa a wayar kowa, misali *966*911# na Zenith da *901*911# na Access. Ka nemi ta bankinka tun yau ka haddace, ba sai ranar da hankalinka ya tashi ba. Kuma ranka ya fi waya, in an zare maka makami ka miƙa.

Na WhatsApp kuwa kullum salo ɗaya ne, amma kullum sai an kama wani. Za a kira ka da sallama da ladabi, a ambaci sunanka, a ce daga zauren tsofaffin ɗaliban makarantarku ne ko na ƙungiyar unguwa, za a yi taro ta intanet da daddare, an turo maka lamba shida ka karanto don a sa ka a ciki. Wannan lamba ba ta taro ba ce, makullin WhatsApp ɗinka ce. Kana karantowa an fitar da kai, kafin magariba an tura wa kawunka da gwaggonka saƙo da sunanka cewa kana asibiti a taimaka da dubu ashirin. Babu wani taro, babu banki, babu hukuma da ke neman lambar da aka turo maka ta saƙo. Ka shiga saitin WhatsApp, ɓangaren asusu, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka zaɓi lamba shida taka ta kanka, ka haɗa da imel. In an riga an ƙwace, ka sake yin rajista da layinka, sabuwar lamba za ta zo, shigarta ita ce fitar ɓarawon. Idan ɓarawon ya riga ka kunna mataki biyun, za ka iya jiran kwana bakwai, a tsakanin nan ka bi 'yan uwa da kira ka gargaɗe su.

Wani kuskuren ba ya nuna kansa sai an zo gaɓar da ba a son jinkiri, wato saɓanin suna da ranar haihuwa. A takardar WAEC Mohammed, a NIN Muhammad, a banki Muhammed, a wani wurin sunan mahaifi ne a gaba, a wani wurin sunan gari. Mu a wurinmu duk mutum ɗaya ne, kwamfuta kuwa mutum uku take gani. Tun 2021 JAMB ta wajabta NIN, kuma bayanan da ke kai su take ɗauka. Asusun rancen ɗalibai na NELFUND da aka buɗe a 2024 shi ma yana neman NIN da BVN da lambar JAMB. Ka baje takardunka duka a gabanka rana ɗaya, ka bi su harafi-harafi. Inda ka ga saɓani ka fara gyara tun kana aji ɗaya ko biyu, domin gyaran yana cin kuɗi da lokaci, wani lokaci har da takardar rantsuwa daga kotu, kuma ba a satin rufe rajista ake fara shi ba.

Kada ka ba kowa aron asusunka a turo masa kuɗi, kada ka sayar da NIN ɗinka don 'yan canji. In kuɗin na damfara ne, sunanka hukuma za ta gani.

Ga mai sayen waya ta hannu, ko a Farm Centre ta Kano ne ko a wurin aboki: danna *#06#, lambar shaidar wayar mai lamba 15 da ake kira IMEI za ta fito, ka tabbatar ita ce aka rubuta a rasit tare da sunan mai sayarwa da lambarsa. Ka sa ya cire asusunsa na Google ko iCloud a gabanka kafin ka biya. Wanda ya ƙi ba da rasit, ko ya ce ya manta kalmar sirri, ka bar masa kayansa komai arharsu.

Sai takardu. Damina ɗaya ko gobara ɗaya ta isa ta cinye satifiket ɗin shekara goma sha shida, kuma hoton da ke cikin waya yana tafiya tare da wayar. Kowane asusun Google yana da wurin ajiya na 15GB kyauta. Ka ɗauki takardunka hoto mai kyau a cikin haske, ka ɗora su can, har da aikin kammala karatunka duk sanda ka ƙara babi. Lambobin waya ma ka riƙa ajiye su a imel maimakon kan sim.

Abubuwan da ba a ajiyewa a waya kuma, irin su PUK, da lambar IMEI, da lambar rufe asusun banki, da sunan imel ɗinka, ka rubuta su da biro a takarda. Ta ƙanena tana cikin ambulan ɗin takardun gida, a ƙasan akwatin Inna, kuma ya san inda zai je ya ɗauko ta.