Kada a tumɓuke yaɗiyar gida gaba ɗaya

Jama'a salamu alaikum. Masu lambu a tsakar gida, ga wata 'yar shawara. Da damina ta zauna, yaɗiya kan bi danga ta haye zogale, har ta danne ƙananan shuke-shuke. A da ina ganinta sai fartanya. Bana na bar tushe ɗaya a jikin katanga, na kafa mata sanda ta bi.

Dalili kuwa, malam buɗe littafin nan mai ruwan goro da baƙin gefe yana yin ƙwai a kanta, haka ma a kan fataka da tumfafiya. Ƙwan fari ne ɗan mitsitsi, ɗaya-ɗaya a bayan ganye. Tsutsar tana da zanen baƙi da fari da rawaya, da wasu siraran ƙahonni guda 6. Ba ruwanta da tumatir ko alayyahu. Idan ta ƙoshi sai ta rataye kanta ta zama wani ɗan ƙunshi kore mai ɗigon zinare, bayan kamar mako ɗaya ko kwana 10 ta fito da fukafukai. Yarana sun tsaya sun kalli ɗaya da sassafe, wallahi abin ya burge ni.

Sai dai a riƙa datse yaɗiyar duk mako, kuma a cire 'ya'yanta kafin su fashe, don irin yana da gashi kamar auduga, iska ce ke kai shi gidan maƙwabta. Kada a yi feshin maganin ƙwari a wurin. Wanda ya taɓa tumfafiya ya wanke hannu, nononta na illa ga ido.