Kwamfuta ta faɗi, ta yi nauyi, fanka na ihu: kurakuran da na gaji da gani

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne fomatin. Laftof ta suɓuce ta bugi ƙasa, ta dawo tana jan ƙafa, sai mai ita ya ce bairos ne, a sake mata Windows. Wane bairos ne ke shiga ta hanyar faɗuwa? In had-disk ɗinta, wato ma'ajiyar fayiloli, mai faifai ne, faifan nan yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, allurar da ke karanta shi kuma tana shawagi dab da fuskarsa. Bugu ɗaya ya isa ta karce shi. Nauyin da kake gani ƙoƙari ne take ta yi na karanta wurin da ya lalace, tana maimaitawa. Fomatin, chkdsk (umarnin Windows na binciken disk), sikanin anti-bairos na tsawon dare, duk ƙara wa ciwon gishiri ne. Ta haka na rasa rubuce-rubucen aikina da hotunan da ba su da kwafi a ko'ina, kuma har yau abin yana min ciwo. Yanzu ba na taɓa komai sai na kwashe fayiloli zuwa filas, mafi muhimmanci tukuna. Bayan nan nake buɗe manhajar CrystalDiskInfo in ga lafiyar disk ɗin. In kuwa kana jin "ƙas-ƙas" daga ciki, kashe ta nan take. Haba, sai ka yi ta kunnawa kana kashewa wai ko za ta warke?

Sai masu ganin laifin fanka. Fankar nan ba ta haukace ba, zafi take kora. Faɗuwa kan sassauta ƙarfen da ke zuƙe zafi daga furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ko ta fasa busasshen man isar da zafi (thermal paste) da ke tsakaninsu. Da zafin ya doshi digiri 100, furosesa da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, shi ya sa nauyi da ihun ke zuwa tare. Duba zafin da manhajar HWMonitor: ba ka buɗe komai ba amma zafi ya haura 90, to a kwance ƙarfen, a goge tsohon man, a sa sabo ɗan ɗigo, a ɗaure sukurori daidai wa daida. Ni nakan kara kunne tukuna. Ƙarar iska zafi ne. Ƙarar karce kuwa sau da yawa fankar ce ta samu matsala, kamar fiffikenta na gogar jiki, sai canji.

Kada ka ɗauko manhajar rage gudun fanka don ka samu shiru. Cire batir kafin ka sa sukudireba a kayan cikinta. In za ka hura ƙura, riƙe fankar da yatsa. RAM, wato katin ma'ajiyar wucin gadi, kan goce daga mazauninsa, cire shi ka mayar. Batirin da ya kumbura bayan faɗuwa kuma kada ka danna shi, kada ka sake sa masa caji.